Baba Ya Yi Barci

Shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, ina da ɗan shagon hoto a Makera. Wata Talata da hantsi wata mata ta faɗo shagon tana haki, ta ce in zo Sabon Tasha yanzu-yanzu in ɗauki babanta hoto. Na ce a kawo shi mana. Ta ce ba zai yiwu ba.

"Malam, ba mu da hotonsa ko ɗaya. Duk sun ƙone da gidanmu na tsallaken kogi."

Na san rikicin da take nufi, ban ƙara tambaya ba. Na rataya kyamara, na ɗauki filasha, wato fitilar hoto, da ƙafarta da farar lema, muka hau acaɓa biyu.

Falon duhu, taga ɗaya, ga ba wuta. Mata sun cika tsakar gida shiru. Dattijon na zaune a kujera cikin baƙar kwat da lakataye, kansa ya ɗan jingina da bango, ido a rufe. Na yi gaisuwa, matarsa ce, wata tsohuwa, ta amsa. Ni kuwa in na shiga aiki ba na ganin kowa. Na kafa filasha can gefen dama, na buɗe lema a gabanta don hasken ya sauko a hankali, na ja wayarta zuwa kyamara. Haka nake yi kullum, domin hasken da ya fito daga kan kyamara shafe fuska yake yi kamar faranti.

Na leƙa, na ce, "Baba, a ɗan buɗe ido."

Bai buɗe ba.

'Yar ta ce, "Malam, Baba ya yi barci tun da safe."

Raina ya ɓaci. Na baro shago a buɗe, an kwaso ni a guje, wai mutum na barci! Na ce, "To ku tashe shi mana! Ko ni zan zauna jiran ya gama minshari?"

Wata mata a bakin ƙofa ta fashe da kuka. Tsohuwar ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Ɗana, zai tashi, amma ba yau ba."

Innalillahi! Sai a lokacin na ga zanen da aka ɗaure ƙirjinsa da shi a jikin kujera, ta ƙarƙashin kwat. Mu a wajenmu, wanda ya rasu da asuba kafin azahar yana makwancinsa, ban taɓa jin an ce da mutuwa barci ba. Ga shi na tsaya a gaban gawa ina maganar minshari. Kunya da tsoro suka haɗu mini, na fara naɗe waya.

'Yar ta riƙe ƙafar filasha. Ta ce motar mutuware na hanya, kuma takardar jana'iza a cocinsu ba ta fita sai da hoto. Jikokinsa ma da me za su san shi?

Na ce, "'Yar'uwa, ido a rufe fa. Kowa ya gani zai gane."

Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da tabarau mai kauri, ta sa masa da hannunta, ta gyara masa kunne. Na daɗe ina kallo. Tun da na fara sana'ar nan nake gudun haske ya faɗa kan gilashi, shi ne abu na farko da maigidana ya koya mini, har da ranƙwashi. Ran nan sai na cire lema, na jawo filasha dab da kyamara, na sauke ta daidai tsayin idonsa. Na danna sau shida. Duk walƙiya sai na ji kamar zai ƙifta.

A cikin shidan, ɗaya ne ya yi. Gilashin biyu sun yi fari tas, ba a ganin abin da ke bayansu. Dattijo ne kawai zaune a falonsa.

Da kaina na kai hoton washegari. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta matsa kusa da taga. Ta yi ta kallo har na fara tunanin na ɓata aiki. Can ta sa bakin zanenta tana goga wajen gilashin, ta ce, "Kai dai, mutumin nan. Kullum ina ce masa ya riƙa goge tabarau ɗin nan, ba ya ji."