Gwaji biyu da Sanusi ya bari

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, kuma ba zan ɓoye ba, an sha wuya. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Shi ne ya yi karatun kwamfuta, ya dawo Kankara ya haɗa wa ƙungiyarmu ta manoma wata manhaja da ke tura wa mutane saƙo a waya idan iri ko taki ya iso. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana shida, ya bar mani kwamfutar da ban san kanta ba.

Abin da na riƙe daga aikinshi kaɗan ne. Kafin ya saki manhajar, yakan rubuta wasu ƙananan gwaje-gwaje da ke duba kowane sashe nata. Biyu ne ba ya wasa da su: jerin sunayen manoman yana nan kuwa? In yana nan, akwai ko suna ɗaya a ciki? Na taɓa ce mashi ɓata lokaci ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, in na ce ka duba buhu ko akwai ruɓaɓɓiyar masara, ka ce babu, ai sai na tambaya ko akwai masarar ma. Buhun da ba kome a ciki kullum lafiyarshi lau."

Bara muka ɗauko wani daga birni ya ƙara mana manoman Sabuwa a cikin manhajar. Bana irin masara ya iso, na danna inda Sanusi ya nuna mani, manhaja ta ce an tura wa kowa. Na kwantar da hankalina. Mutanen Faskari suka zo, na Ketare suka zo, iri ya ƙare.

Bayan kwana tara, ruwa ya riga ya sauka, sai ga Malam Audu, dattijon manoman Damari ta ƙasar Sabuwa, a ƙofar gidana. Ko zama bai yi ba. Ya ce mani, "Lawal, laifin me muka yi maka?" Ashe ko mutum ɗaya a wajensu bai sami saƙon ba.

Na kira mutumin birnin. Ya duba ya ce jerin Sabuwa fanko ne, sunayen ba su taɓa shiga ba. Ɗaya daga cikin gwajin nan biyu ya yi ta nuna ja tun lokacin, alamar akwai matsala, ya hana shi gama aiki, sai ya cire su duka biyun. Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Ta tura wa duk wanda ke ciki, babu kowa a ciki. Ya ce zai zo ya gyara. Har yau muna jira.

Ban san me Sanusi zai ce ba. Ba mai faɗa ba ne. Ina jin zai zauna ya mayar da layukan gwajin da aka cire cikin minti goma. Ni kuwa na buɗe kwamfutar, na kalli rubutun har idona ya yi ruwa, ban gane inda suke ba. Abin da ya bari mai tsaron mutane, ɗan guntun rubutu ne da kowa zai iya gogewa, kuma ni yayanshi ban ma san an goge ba. Allah Ya jiƙanshi.

Washegari na hau babur zuwa Damari da buhun irin da na ware wa gonata. Bai ishi gida goma ba. Na ajiye shi gaban Malam Audu, na ce ya raba yadda ya gani.