Aino ba ta taɓa shiga gidanmu ba

Jiya Laraba na dawo daga lakwal, wato makaranta, na tarar Inna tana zuba dambu da zogale a kwanon baƙi.

Ta ce, "Na ƙawarki ne, 'yar Finlan ɗin nan. Kira ta, yau a nan za ku yi karatun."

Aino take nufi, wadda muke zama benci ɗaya. Duk Laraba takan tambaye ni da yarensu, "Meillä vai teillä?" wato a gidanmu ko a gidanku? Ita ta koya mini kalmomin. Ni kuwa kullum "teillä" nake cewa, wato a gidanku, don ina kunyar ta ga ɗan falonmu na unguwar Stains da katifun ƙannena jingine a bango.

Na ce, "Inna, ai sun tashi. An mayar da babanta garin Lyon."

Inna ta ajiye ludayin. "Duk abincin uwarta da kika ci, ita ko ruwan gidanmu ba ta sha ba?"



Ɗazu na tura wa Aino kalma ɗaya: "Meillä," wato a gidanmu. Ta ce ƙila ta zo da babban hutu. Dambun dai ƙannena suka cinye.

Ku fa, akwai wanda ya tafi ba ku taɓa ce masa "shigo" ba?