Firigon Baba

Shekarar da Baba ya ajiye aiki a kamfanin ma'adini na Arlit, tari ya riga ya kama shi, ya rame har rigunansa suna yi masa yawa. Inna ta riga mu tafiya ƙauyenmu na ƙasar Tawa a motar haya. Ni aka bar wa aikin kai shi gida da kayansa, a tsohuwar motata mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira bashe.

A wurinmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a Arlit ba ya komawa gida hannu rabbana. Kafin a tambayi lafiyarsa, sai an dubi bayan motarsa. Baba ya san haka, don shi ma ya sha zama a ƙofar masallaci yana duban na wasu. Saboda haka muka loda gadon ƙarfe, kujerun roba, buhunan taliyar Aljeriya, tukunyar gas, da wani ƙaton firigo, wato firji, da ya saya hannun wani ma'aikaci. Ƙauyenmu ba wutar lantarki. Na faɗa masa haka, ya yi kamar da bango nake magana.

Ba mu yi nisa da gari ba, a inda kwalta ta farfashe ta koma ramuka, na ji ƙarar ƙarfe ya tsinke. Motar ta karkata gefe guda ta tsaya. Na leƙa ƙasa, na ga lam ya karye, wato ƙarfen nan mai hawa-hawa da ke ɗauke da nauyin baya. Raina ya ɓaci. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar motar, na ajiye masa ruwa, na tare wata babbar mota ta mai da ni gari.

Na zaga garejin Arlit kaf, ba mai lam irin nawa. Wannan ya ce in jira motar Agadez, wancan ya ce in sayar masa da motar in huta. A ƙarshe aka nuna mini wani makanike, mutumin Abzin, da ya saba gyaran motocin masu zuwa haƙar zinariya. Ya ɗauko guntun katako da tsohuwar robar cikin taya, muka hau kabu-kabu biyu muka koma.

Da isarmu makaniken ya kama aiki. Ya ɗaga motar, ya haɗa bakin ƙarfen da ya karye, ya tokare shi da katako, ya yanka robar zare-zare ya yi ta naɗawa yana ja da ƙafa. Da ya gama ya goge hannu a rawaninsa, ya dubi kayan.

"Mota ya gaji," in ji shi. "Wannan ɗauri zai kai ku Tawa, amma sai an rage kaya. Firigo ya sauka."

Na ji daɗi, don abin da nake so a faɗa ke nan. Na ce, "Baba, ka ji dai. Mu bar shi wajen wannan bawan Allah, in Allah ya kawo mai saye a sayar."

Baba ya tashi zaune a kan tabarma. "Kai, yaro, wa ya ce maka don ruwan sanyi na saye shi?"

Ya miƙe, ya zagaya motar yana dafa ta. Ya sa muka sauke buhunan taliya, da tukunyar gas, da akwatin tufafinsa, duk abin da ke ƙasa wanda ido ba ya kaiwa gare shi. Gado da kujeru da firigo, masu tsayin da za a hango daga nesa, ya ce kada a taɓa. Makaniken ya danna bayan motar da hannu, ya girgiza kai ya ce har yanzu da saura.

"To, ni ma na sauka," in ji Baba. "In biyo motar kaya da buhunnan."

Makaniken ya dube shi sama da ƙasa ya yi dariya. "Tsoho, kai ko rabin firigo ba ka kai ba."

"Ko mi na kai, a rage shi."

Na yi masa magiya. Na ce rana, na ce tari, na ce saman motar kaya ba wurin mai ciwon ƙirji ba ne. Tsoro ne ya kama ni, na kuwa faɗa masa tsoro nake ji. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ka tahi sannu. In dare ya same ka kusa da gari, ka kwana daji. Kada ka shiga sai bayan la'asar, sa'ad da mutane ka zamne waje."

Haka na yi. Ɗaurin ya riƙe. Na shiga ƙauye bayan la'asar, yara suka bi motar da gudu, dattawa suka taso daga ƙofar masallaci suna shafa firigo suna sa albarka. Inna kaɗai ce ta leƙa gaban motar ta ga kujerar babu kowa.

Baba ya iso daga baya a saman buhuna. Sai da mutum biyu suka sauko da shi, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Na sunkuya in gaishe shi, ya riƙe wuyan rigata ya jawo ni kusa, muryarsa da ƙyar take fita.

"Da rana ka shigo?"

"Da rana, Baba."

"Sun gani?"

"Sun gani."

Ya saki rigata. Bai ga girbin shekarar ba. Firigon yana nan a ɗakin Inna, ba a taɓa kunna shi ba, a ciki take ajiye takalman aikinsa.