Furen Baba Sanda ya shiga rajista

Jama'a, da safen nan saƙo ya shigo wayata: furen Baba Sanda gaskiya ne!

Baba Sanda maƙwabcinmu ne a Unguwar Lalle. Da ƙuruciyarsa ya bi raƙuma zuwa Azbin, ya dawo da labarin wani ɗan shuɗin fure da ke fitowa a tsagin dutse, can cikin kwazazzabo, in an yi ruwa. Ya tsinko ɗaya har da saiwarsa, ya danne shi tsakanin kwalin sukari biyu, ya sa a gafaka.

Fiye da shekara arba'in ana yi masa dariya. Wai dutsen da akuya ba ta samun na taunawa, ina shi ina fure? Har Sarkin Fure suka laƙaba masa. Yakan murmusa, amma na san abin na cinsa.

Shi ya koya mini sunan kowace ciyawa daga gidanmu zuwa Tsamaye. In na canka daidai, dabino ɗaya. In na kuskure, dabino biyu, wai don ƙwaƙwalwa ta buɗe. Sanadinsa yau nake aiki a ɗakin adana busassun tsirrai na jami'a.

Da na je gida da ƙaramar salla, ya kira ni ya miƙo mini kwalin. Ya ce, "Ɗana, kai masu su duba. In sunka ce ƙarya ta, maido mani abina, kak ka hwaɗa ma kowa."

Na ce, "Baba, sai an rubuta wuri da lokaci. Wace shekara ce?"

"Shekarar da nib biya sadakin Hajiya."

Sai da Hajiya, matarsa, ta sa baki muka lissafo. Ta ce shi ko wannan ma ya manta.

Abokan aikina sun gwada shi da tsoffin samfuran da aka taɓa tarowa daga waɗancan duwatsu. Ganye, saiwa, fure, duk sun dace. An manna shi a takarda, an ba shi lamba, kuma a gurbin sunan wanda ya samo an buga: Sanda, Unguwar Lalle.

Wallahi sai da na yi hawaye a ofis.

Na buga masa waya. Na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Ka taho da hoton takardar ran Juma'a. Rabin masu yi mani dariya sun kwanta dama. Yi sauri tun sauran na nan."

Allah ka ƙara wa Baba Sanda lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu kuma ka jiƙansu, ya ce ya yafe musu tuni.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya roƙa mini sauka lafiya ranar Juma'a.