Jan Fenti a Fadamar Kuje

A shekarun da ake ta kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja na gama sakandare. Ina zaune a Mararaba wurin yayata, ba abin da nake yi sai wanke-wanke. Wata malamar jami'a da ke sayayya a shagon mijin yayata ta ce tana neman yarinya mai ƙafa da ido. Aikin shi ne ƙirga malam-buɗe-littafi a wata fadama bayan Kuje. Wai akwai wani iri, baƙi mai ɗigon shuɗi a fiffike, da ya kusa ƙarewa, tana so ta san saura nawa kafin gari ya cinye wurin. Na ce mata ban taɓa jin aikin banza irin wannan ba, amma zan yi.

Dokar aikin ita ce kullum hanya ɗaya za ki bi cikin ciyawa, a hankali, kina ƙirga duk wanda ya gifta. Don kada hanyar ta ɓace min, malamar, wadda nake kira Madam, ta ba ni turaku da gwangwanin jan fenti, saboda ja ne ke fitowa a cikin kore. Ta sauke ni da safe, ta ce sai la'asar, ta wuce Wuse.

Na kafa turakun tun daga bakin rafi har gindin wata ɗorawa. Ina shafa wa na ƙarshe fenti na ji ciyawa na motsi a bayana. Na ɗauka maciji ne. Da na juya na ga mutane, maza da adduna da fartanyu, mata da itace a kafaɗa, sun tare hanyar titi. Babu wanda ya yi min sallama.

Wani dattijo mai laka har gwiwa, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya nuna turken da bakin addarsa.

"Wa ya aiko ka? Yaushe katafila za ta zo?"

Sai a lokacin na kalli abin da na yi da idonsu. Layin turaku, kowanne da jan kai, ya bi gefen gonakin doyarsu. Haka masu awon fili ke yi kafin a tashi ƙauye. Na ajiye gwangwanin fentin a ƙasa.

"Baba, wallahi ba awo nake yi ba. Malam-buɗe-littafi nake ƙirgawa."

Wani saurayi ya ƙyalƙyale da dariya. "Kun ji ko? Gwamnati ta gama ƙirga mu, ta koma kan ƙwari!" Ya fizge ragar kamun ƙwarin da Madam ta ba ni daga kafaɗata ya karya sandar a gwiwa. "Na bara ma cewa suka yi rijiya za su tona mana. Ina ƙauyen kakata yau?"

"To ni na tashe shi?" Bakina ya riga ni. Ina faɗa na so in haɗiye maganar.

Ya matso har ina jin warin zufarsa. Ban ga komai ba sai addar da ke hannunsa. Na duba hagu, rafi ne. Mota ba za ta zo ba sai la'asar, kuma ko ihu na yi, duk masu ji suna tsaye a gabana.

Wata tsohuwa ta sauke itacenta ta shiga tsakaninmu.

"Ke 'yata, ina ogan naki?"

"Tana Wuse, Mama."

"Oga yana Wuse, an bar yarinya a daji." Ta tofar da yawu. "Abin da kika shuka, tuge shi. Da hannunki."

Na fara tugewa. Fentin bai bushe ba, ya ɓata min tafi da zane. Suna biye da ni, duk ramin da na bari sai wani ya cike shi da diddige. Wani turke ya ƙi fita, na yi ta ja ina kuka, ba wanda ya taimaka. Saurayin yana bayana, ban yarda na waiwaya ba.

Da na gama, dattijon ya ce in rungumi kayana. Suka raka ni har bakin titi.

"Ka gaya wa oganka," in ji shi, "in ƙwari yake so, ya zo da kansa ya gaishe mu."

Ban jira Madam ba. Na tsayar da motar farko da ta zo, ta ɗaukar gawayi, na hau baya da turakun a cinyata. Ban sauka ba sai da muka shiga Kuje.