Ranar da Na Kai Inna Kallon Mawaƙi

Tun da Inna ta fita takaba ba ta ƙara yin dariya ba. Murmushi dai tana yi wa baƙi, amma dariyar nan tata da ake ji har bakin layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ta bi Baba ta tafi. Abin ya dame ni ƙwarai. Shi ya sa da na ji motar shela tana cewa mawaƙin da Baba ke so zai yi wasa a wani fili a Tarauni kashegarin Sallah, na ce ko ana ha maza ha mata sai na kai ta. Ta ce ita da girmanta me za ta je yi cikin yara? Na yi ta naci har ta ɗauko mayafi don kawai in ƙyale ta.

An ce bayan azahar za a fara, mu kuwa da gaskiyarmu muka je a kan lokaci. Rumfa ɗaya ce tak, kujerun cikinta kuma na manyan baƙi ne da ba su zo ba. Haka muka tsaya a rana muna kallon kujeru suna shan inuwa. Da ƙyar na roƙo wa Inna benci wajen mai zoɓo. Lasifika in ta yi ƙara sai ka toshe kunne, in ta yi shiru a ce janareta ne. Aka yi la'asar aka dawo, babu labari.

Da manyan suka iso, mai gabatarwa ya shiga gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa. Kowanne kuma sai ya tashi ya ce shi ba mai dogon jawabi ba ne, sannan ya yi dogon. Ni dai raina ya gama ɓaci. Ina satar kallon Inna, tana ta fifita da gefen mayafi. Na ce a raina na jawo mata wahala a banza.

Sai da rana ta yi ja mawaƙin ya hau dandamali cikin babbar riga, fili ya ɗauki sowa. Makaɗa suka saɓa kalangu, ya gyara murya, ya yi mana sallama. Ba mu gama amsawa ba ladanin masallacin da ke jikin filin ya kwaɗa kiran magariba. Wa zai yi kiɗa ana kiran sallah? Mawaƙi ya sauka, jama'a suka watse neman buta. Kafin a idar, masu hayar lasifika sun naɗe wayoyinsu, wai zuwa magariba aka yi da su.

A adaidaita sahu ina ta zazzaga masifa, ina cewa ko taron suna ya fi wannan tsari. Sai na ji kafaɗar Inna tana rawa a jikina. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, har da hawaye, har direba ya waiwayo.

"Wuni guda a rana don mu amsa sallama," in ji ta. "Ai da babanki na nan, da shekara zai yi yana tsokanarki."

Daga nan ta ɗauko waƙar mawaƙin da kanta, tana tafa cinya, direba yana yi mata amshi. Da muka zo bakin layinmu ya rage gudu zai tsaya, na ce masa ya ƙara zagayawa da mu.