Ƙwaryar da Na Miƙa wa Baƙuwa

Haƙorana sun zube, idona ya dushe, amma ranar da masu sarƙa suka zo ƙauyenmu tana nan daram a raina, kuma da ita za a binne ni.

A can bayan Arikya muke, inda ake haƙo duwatsun nan masu ƙyalli, shuɗi da kore. A rafinmu ake wanke su, har ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Shi muke sha. Jikata da aka yaye a shekarar, cikinta ya ƙi tsayawa, kullum tana ƙara tsotsewa.

Ana nan, sai dillalin duwatsun ya zo daga Lafiya. Ya ce masu ƙera sarƙoƙi a Turai za su aiko a duba ko dutsensu na cutar da wani, wai matan can ba sa son rataya hawayen talaka a wuya. Allah Ya saka musu. Aka raba wa masu haƙa hulunan kwano da takalman roba sababbi fil, aka share bakin rami kamar za a ɗaura aure. Mu kuma aka koya mana amsa: in an tambayi ruwa, lafiya lau.

Abu ɗaya dillali ya manta. A wurinmu ba a gaisawa da baƙo sai ya jiƙa maƙoshi, kuma tsohuwar gari ce ke miƙawa. Na ɗebo daga randata, na durƙusa gaban Baturiyar da aka aiko.

Ta leƙa ƙwarya, ta dubi mai yi mata tafinta.

"Mama, ba wannan ba," in ji dillali, yana turo ruwan gora.

"Ɗana, ai kai ka ce lafiya lau ne. Bar ta ta sha."

Ba ta sha ba. Ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, aka ɗauke mu hoto, ta yi rubutu mai tsawo. Motarsu ba ta gama ɓacewa ba aka karɓe huluna da takalma, wai wani ramin na da baƙi gobe.

Da kaka aka haƙa mana rijiyar burtsatse. Wata uku ta yi tana ba da ruwa, a ciki jikata ta miƙe, sannan famfon ya mutu. Allon da aka kafa a gefensa kuwa, mai hotona da ƙwarya, duk shekara sai an zo an sabunta masa fenti.

Tun ranar na daina musu da mai ce min ruwana kalau ne. Ƙwarya nake miƙa masa. An ce baɗi za su dawo, na riga na wanke ta.